Yaran da fatarsu ke saluɓewa sun samu magani, amma wa zai kai gare shi?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana kan wata cutar gado da ba kasafai ake jin ta ba, wadda likitoci ke kira EB (epidermolysis bullosa), mai sa fata ta riƙa saluɓewa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, wankin ciwo ne aikina.

A wani nau'inta mai tsanani, ƙwayar gado mai suna COL7A1 ce ke samun tangarɗa, sai jiki ya kasa yin kolajin nau'i na 7, wato zaren da ke ɗinke saman fata da ƙasanta. Yadda ake gadon sikila haka ake gadonta: uwa da uba lafiya lau, amma kowane ciki akwai yiwuwar kashi 1 cikin 4 a haifi mai cutar.

Akwai yarinyar da nake yi wa wanki. Gogar wuyan riga kaɗai ta isa bororo ya tashi, ya fashe, ya zama gyambo. Ba a ɗaukarta ta hammata. Bandeji sai mun jiƙa shi ya saki da kansa, in ba haka ba da fata zai taho. Yatsunta ɗaya bayan ɗaya muke naɗe su don kada tabo ya manne su. Mahaifiyarta ta fi ni iya wannan aiki, wallahi, kuma ita mutane ke yi wa kallon mai sakaci.

A watan Mayun 2023 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da Vyjuvek na kamfanin Krystal Biotech. Man shafawa ne da ake ɗigawa a kan gyambo mako-mako. An ɗauki bairos ɗin da ke kawo ƙurajen leɓe, aka hana shi yaɗuwa, aka ɗora masa lafiyayyar COL7A1 ya kai ta cikin fata. A gwajin da aka yi da mutum 31, kashi 67 cikin 100 na gyambunan da aka sa wa maganin sun rufe ruf bayan wata 6, waɗanda ba a sa wa ba kuwa kashi 22. A Afrilun 2025 aka amince da wani maganin, Zevaskyn: a ɗebi fatar mara lafiya, a gyara ta a ɗakin gwaji, a dasa masa. Tun 2015 ma likitoci a Bochum ta Jamus, tare da masanin kimiyya Michele De Luca na Italiya, suka bi irin wannan hanya suka sauya kusan kashi 80 cikin 100 na fatar wani yaro mai wani nau'in cutar.

Sai dai kada a gaya wa iyaye an gano warkarwa. Vyjuvek gyambo yake rufewa, cutar tana nan, shafawa ba ta ƙarewa. Kuɗinsa a Amurka ya haura dala 600,000 a shekara, Zevaskyn kuma dala miliyan 3.1 a yi sau ɗaya. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, domin kuɗin bandejin da ba ya manne wa ciwo ma gagarar iyaye yake yi.

Kuma maganin sai ga wanda gwaji ya tabbatar COL7A1 ce matsalarsa. Yarinyar da nake magana a kai ba a taɓa yi mata wannan gwajin ba. Ina roƙon jaridarku ta zauna da likitocin fata da na yara, ta tambaye su inda iyaye za su samu gwajin da bandejin, ta buga amsar.

Taku,
Wata ma'aikaciyar jinya