Kafin yaranmu su sayar da babur saboda jitar Fender

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya kai da duk ma'aikatanka, Allah ya ƙara basira.

Ni mai gyaran jita ne a nan Jos, na kusa shekara 20 ina wannan sana'a, masu kiɗan coci da masu kiɗan biki da yaran situdiyo duk wajena suke kawo kayansu in sun lalace. Na san ba kasafai ake maganar kayan kiɗa a jaridarku ba, amma dan Allah ka ba ni ɗan fili, don abin ya jima yana ci min rai.

Kwanakin baya wani yaro da nake koya wa aiki ya shigo shago da waya a hannu yana ta murna, ya ce maigida ka ga kamfanin jita na Fender sun fito da jitar talaka, dala 599 kacal, kuma Fender ce ta gaske ba Squier ba, wato masu arahar da kamfanin ke fitarwa da wani suna. Ya riga ya gama lissafi a ransa, babur ɗin da yake acaɓa da shi zai sayar ya cika da kuɗin adashe. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Na ce zauna ɗana mu yi magana, kuma abin da na gaya masa shi ne nake so sauran matasa su ji, don na san ba shi kaɗai ba ne yake wannan mafarki.

Jitar da ya gani ita ce jerin da kamfanin ya sa wa suna Standard, wanda ya fito a watan Janairun 2025, a Indonesiya ake ƙera su. Kafin su, a watan Yulin 2024, an fito da Player II, su kuma a masana'antar kamfanin ta Ensenada a ƙasar Meziko ake yin su, farashin Stratocaster ɗinsu, wato sanannen samfurin jitar lantarki na Fender, ya fara daga dala 799. Na Amurka kuwa da ake yi a garin Corona na Kalifoniya ba a ma maganarsu, sun fi waɗannan tsada nesa ba kusa ba. To a ido kamar an yi wa mai ƙaramin ƙarfi gata ne, an sauko masa da sunan Fender da ragin dala 200. Amma mu da muke kwance jita muna ganin cikinta mun san inda aka rage wannan dala 200 ɗin.

Bari in fara da Player II don in yi mata adalci, gaskiya jita ce mai kyau kuma kuɗinta bai yi yawa ba in aka duba abin da ke jikinta. Gangar jikin katakon alder ne, irin wanda Fender ta saba da shi tun shekarun 1950, kuma sun dawo da katakon rosewood a fuskar wuya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya bi tarihin, domin a 2017 yarjejeniyar CITES, mai kare dabbobi da itatuwan da ke fuskantar ƙarewa, ta tsaurara cinikin rosewood tsakanin ƙasashe, sai kamfanin ya koma sa wani katako da ake kira pau ferro a jitocin Meziko, mai haske-haske, mutane da yawa ba su so shi ba, kuma ko da aka sassauta wa kayan kiɗa dokar a ƙarshen 2019 sai da aka ɗau shekaru kafin a dawo da shi. Mu ma nan ai mun san wannan labarin ta wata fuskar, madobiyarmu da 'yan Taraba ke kira madrid, wadda aka yi ta sarewa ana lodawa zuwa Chaina, ita ma a 2017 ɗin ta shiga jerin, duk da ba ita ce ake sawa a wuyan waɗannan jitoci ba. Ban da katako, sun goge gefen wuyan ya yi sumul ba ya cin hannu, sannan fikof ɗin, wato maganaɗisun nan da ke ƙarƙashin wayoyi yana ɗaukar sauti, na alnico ne, wani haɗin ƙarfe da ake yin maganaɗisu da shi, shi ne ke ba da wannan ƙara mai tsabta kamar ƙararrawa da aka san Stratocaster da ita tun da Leo Fender, wanda ya kafa kamfanin, ya fito da ita a 1954.

Ita kuwa Standard, gangar jikin katakon poplar ne, fuskar wuya laurel, fikof ɗin na siramik. Ban ce ba za ta yi kiɗa ba, za ta yi mana, kuma akwai masu son sautin siramik don yana da ƙarfi da kaifi. Amma Edita ka duba wannan, Squier ai ta Fender ce, tun 1982 suke fitar da jitoci masu araha da wannan suna, kuma jerinsu na Classic Vibe mafi yawa a Indonesiyar ake yi, da fikof na alnico, a dala 400 da 'yan kai. Ka ga kenan mutum zai ƙara kusan dala 150 ya karɓi fikof mai araha, abin da ya ƙaru masa kawai shi ne harafi shida da aka rubuta a kan jitar. Wannan shi ne abin da ya tsaya min a wuya. Ga Ba'amurken da zai iya tara wannan bambanci a aikin kwana biyu ba komai ba ne, yana son suna ya saya, amma ga yaron da ke acaɓa a Jos kuɗin abincin gida ne na wata da watanni.

Mu yi lissafi da kuɗinmu. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga 460 da wani abu ta je har 1,500 da sama a 2024. In ka ɗauki 1,500 ɗin, Standard ta kama kusan naira 900,000, Player II kuma miliyan 1 da dubu 200, kuma wannan fa farashin shagon Amurka ne, ba a sa kuɗin jirgi ba, ba a sa kwastan ba, ba a sa ribar ɗan kasuwan Legas ba. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Wato ma'aikaci ya ajiye albashinsa gaba ɗaya na sama da shekara bai ci bai sha ba kafin ya riƙe mai arahar a hannu.

Sannan akwai abin da masu tallar ba za su gaya maka ba domin ba don ƙasarmu suka yi tallar ba, shi ne hunturu. Duk jitar da ta zo daga waje, ko ta dala 200 ce ko ta 2,000, in iskar hunturu ta buga ta katakon wuya yana bushewa ya tsuke, sai ka ji bakin ƙarafunan nan na wuya sun fito suna yankar yatsa, wuyan ya ɗan lanƙwashe, wayoyi su yi sama ko su riƙa zizar ƙarfe, damina ta zo kuma ya sake komawa wani yanayi. Dole a ɗaure ko a sassauta sandar ƙarfen da ke cikin wuyan, a goge bakin ƙarafun, a daidaita tsayin waya. Jita mai araha da aka yi wa wannan gyaran da kyau ta fi mai tsada da aka bari haka nan daɗin kaɗawa, na gani da idona ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Ga kuma matsalar wuta, fikof ɗin Stratocaster mai layi ɗaya yana jan ƙugi, in aka haɗa da janareta da wayarin da ba a yi masa at ba, wato ba a binne masa waya a ƙasa ba, sai ka ji zuuu a sifika kamar kudan zuma, nan ma suna ba ya magani, sai an buɗe ciki an shimfiɗa takardar jan ƙarfe an gyara haɗin waya.

Kuma mutane suna mantawa da amfilifaya. Na sha ganin wanda ya zuba duk abin da ya mallaka a jita sannan ya jona ta a wata 'yar sifika da ta fashe, ya dawo yana cewa an cuce shi. Rabin sautin jitar lantarki daga amfilifaya yake fitowa.

Wani abin da ya fi ba ni tsoro shi ne jabu. Yanzu da aka ji Fender tana yin jita a Indonesiya, masu sayar da na bogi sun samu abin fakewa, da can in ka ga an rubuta Fender ba Amurka ba Meziko ba Japan sai ka yi taka tsantsan, yanzu kuwa za a ce maka ai sabon fitowa ne. An taɓa kawo min wata da wani bawan Allah ya saya a wani shago da kuɗi masu yawa, ina kwance wuyan na ga katakon kamar na akwatin tumatir, lambar da ke bayan kan ma sitika ce aka manna. Mutumin nan sai da ya yi hawaye a gabana. Duk mai saye ya duba lambar jitar a shafin kamfanin, ya tafi da wanda ya san kaya, kar ya biya ta waya bai taɓa da hannunsa ba.

Na tuna wa yaron nan da makaɗan Nijar, 'yan Agadas da kewaye da suka kai kiɗan jita har Turai da Amurka. Mdou Moctar da yanzu duniya ta san shi da Stratocaster, jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke. Hannunsa ya riga ya ƙware tun kafin Fender ta zo hannun.

Shawarar da na ba shi ita ce ya bar babur ɗinsa inda yake, ya nemi Squier ko Yamaha Pacifica 112V ta hannu mai lafiya, ita Pacifica ɗin ma alder ce da alnico kuma sabuwarta dala 300 da 'yan kai ce, ya kawo in gyara masa kyauta, ragowar kuɗin ya sayi amfilifaya mai kyau da wayoyi na canji. In Allah ya buɗa masa nan gaba yana samun kiɗan biki akai akai, to ya tsallake Standard ya tara ya sayi Player II, wannan kam zan raka shi da kaina. Bai ji daɗi ba a ranar, ya fita bai ko yi min sallama ba, amma bayan sati biyu ya dawo da wata Pacifica baƙa da ya samu wajen wani mai kiɗan coci, yanzu haka tana kan teburina na cire wayoyin ina jiran sababbi daga Legas.

Na gode Edita, Allah ya bar zumunci.

Naka mai karatu kullum,
Mai gyaran jita, daga Jos