Godiya ga shagon gyaran DVD na bakin kasuwar Wudil

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu masu gidajen kallo da masu ba da hayar sifika na ƙauyukan Wudil, Garko da Gaya muka ga ya dace mu yi wa Malam mai gyara da yaran shagonsa godiya a bainar jama'a. Shagon nan muke nufi na kan hanyar shiga kasuwa, wanda ba ya rabuwa da jama'a ranar Juma'a. Tun da kallo ya koma waya masu gyaran DVD suka yi ƙaranci, kuma da yawa cikin waɗanda suka rage magani ɗaya suka sani: idon da ke karanta faifai ya mutu, sai an canja. Ku kuwa, Malam, sai kun gano inda cutar take kafin ku kwance murfi.

Wanda ya zo da kukan hoto ya dushe, tambayarku ta farko ita ce da wace waya ya haɗa. Rawayar wayar nan da kowa ya sani tana ɗauke da haske da launi a cakuɗe cikin igiya ɗaya, shi ya sa bakin rubutu ke rawa, ja kuma ya riƙa malala. A tsohuwar talabijin mai doro ba a cika lura ba, amma ta bango tana tona asiri. Sai ku duba bayan na'urar. In akwai ramin HDMI ku ce a koma can, in babu ku nuna ramuka uku na kore da shuɗi da ja, waɗanda ke raba haske da launi. A nan mutane ke ruɗewa, domin ja biyu ne a bayan na'urar, ɗaya na hoto, ɗaya na sauti wanda ke tafiya tare da fari. Haka kuma wasu talabijin ɗin ramin kore ne ke karɓar rawayar waya, in ba a zaɓi AV ba hoto ya fito fari da baƙi. Kuna naɗa wa kowace waya ɗan salatif mai alama kafin mutum ya tafi, aikin da bai kai minti biyu ba amma ya hana shi sake biyan kuɗin mota.

Gaskiyar da kuke faɗa a nan ta fi komai burge mu. Faifan DVD ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye yake ɗauka a tsarin hoton talabijin na PAL, na VCD kuwa 352 da 288. HDMI tana tsabtace hoto, amma ba ta ƙara abin da babu a faifai. Mai sayar da waya ba zai faɗi haka ba.

Sai saiti. Najeriya PAL take amfani da shi, Amurka da Japan NTSC, kuma yaro ɗaya da rimot a hannu ya isa ya juya wannan. Hoto ya fara birgima ko launi ya ɗauke, maigida ya zaci na'ura ta ƙone. Ku shiga SETUP ku mayar da ita PAL ko AUTO. Idan fuskoki sun yi tsawo ko sun baje, ku daidaita 4:3 ga mai doro, 16:9 ga ta bango. Irin wannan ba kwa karɓar ko sisi, mun shaida.

Wani laifin kuma na faifai ne. Mai hawa ɗaya gigabait 4.7 yake ci, mai hawa biyu a fuska ɗaya 8.5, kuma 4.7 ɗin nan na fim ne mai kimanin awa biyu in ana son hoto garau. Idan aka cusa fim goma a ciki dole a matse kowanne, shi ne ake ganin hoto yana farfashewa murabba'i-murabba'i da zarar an fara rawa ko gudu. Kuna ajiye faifai biyu masu kyau, CD ɗaya DVD ɗaya, don gwaji a gaban mai kaya. Kuna kuma koya wa mutane goge faifai da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba, domin ƙarzuwar da ta bi layin karatu ita ce ke sa fim tsalle.

Inda gwanintarku ta fi fitowa shi ne idan allo ya rubuta NO DISC. Cikin idon akwai hasken lesa iri biyu, ja mai nanomita 650 na DVD, da mai 780 na CD wanda idon mutum ba ya gani sosai. Saboda haka na'urar da ke karanta CD ta ƙi DVD, alama ce jan ya raunana. In ta ƙi duka biyun, ba kwa saurin yanke hukunci. Ku fara da ƙura, wadda hunturu ke shigarwa ta kowace kafa: auduga a tsinke, ɗigon sifirit ɗaya, a shafa a hankali don kada siraran wayoyin da ke riƙe da gilashin su lanƙwashe, a jira ya bushe. Daga nan ku saurari ƙaramin injin da ke juya faifai. Wanda ya gaji sai an tura shi da yatsa yake tashi, kuma shi ke sa fim ya tsaya cak bayan na'ura ta yi zafi. Sai faffaɗar farar igiyar nan mai layi 24 da ke bin ido gaba da baya, wadda ke tsagewa daidai inda take lanƙwasa. Sai kun tabbatar ba laifin waɗannan ukun ba ne kuke maganar sabon ido, kuma ba kwa manta cire ɗigon dalmar da kamfani ke sa wa sabo don kare shi, wanda in an bar shi lesa ba za ta kama ba. Akwai masu murɗa ɗan saitin da ke bayan ido don ƙara masa wuta. Yana aiki na ɗan lokaci, sannan ya mutu gaba ɗaya. Ku in za ku yi haka sai kun faɗa wa mai kaya cewa lallaɓawa ce. Tiren faifai da ya ƙi fita kuwa, roba ce ta saki, ku canja ta a tsaye.

Mu masu sifika, maganar sauti ta fi damun mu. Fina-finan waje da yawa suna zuwa da Dolby Digital 5.1, wato hanya shida, kuma maganar 'yan wasa ta sifikar tsakiya take bi. Wanda ke da sifika biyu ya bar na'ura a 5.1 zai ji kiɗa da harbi suna tashi, murya kuwa kamar daga cikin rijiya. Gyaran shi ne a shiga saitin sauti a mayar da DOWNMIX zuwa STEREO. Idan ta ramin COAXIAL aka haɗa kuma amfilifaya ba ta fahimtar Dolby, a zaɓi PCM, in ba haka ba shiru za a ji ko shuuu. Kun kuma sha gargaɗin yaranmu kada su zura wayar DVD a ramin makirfo. Ramin nan an yi shi don ƙaramin sauti ne, abin da DVD ke fitarwa ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba, sai murya ta dage tana tsagewa har ta kai ga ƙona ƙaramar sifika mai kaifin sauti. AUX ko LINE ne wurinta.

Gurnanin da ba ya tafiya ko an rage murya, tare da layuka masu hawa a hoto, galibi daga ɓangaren wuta yake. Ku sa mita ku auna bolt 5 da bolt 12, ku duba kafasitocin da kansu ya kumbura, irin masu 1000µF, ku sa sababbi masu jure zafin digiri 105 maimakon na 85. Kun hana yaran shago taɓa allon wutar da ke cikin na'ura kafin a sauke cajin babbar kafasita mai bolt 400, kuma wannan tarbiyya ce da muke yabawa. Shawararku kan janareto ma ta rage mana asara: a tayar da inji ya daidaita kafin a jona, a zare kafin a kashe, kada kuma a ɗora DVD a kan amfilifaya mai zafi ko a lulluɓe ta da ƙyalle tana aiki. Masu sola da ƙaramar inbata mai arha, kun bayyana musu cewa zizar da suke ji a sifika daga inbatar take.

Masu filas su ma sun amfana. Yawancin na'urorin nan filas mai tsarin FAT32 kaɗai suke ganewa, fayil ɗaya ba ya wuce gigabait 4, kuma bidiyon waya mai ƙarfin HD ba ya buɗuwa sai an rage shi a wurin masu tura fim.

Roƙonmu biyu ne, Malam. Idan za a shiga kasuwar Sabon Gari sayayya, a riƙa ƙaro ido da farar igiya da roba, domin wanda ya taso daga Garko jiran mako guda yana yi masa nisa. Sannan a ƙara ɗaukar yaro ko biyu daga ƙauyukanmu su koyi aikin a hannunku.

Allah ya ƙara buɗi, ya yi wa zuri'a albarka, ya tsare shago daga gobara da ɓarayi.

Naku,
Masu gidajen kallo da masu hayar sifika na yankin Wudil, Garko da Gaya, Jihar Kano.