A Yi Wa Masu Kwashe Shara Rigakafin Ciwon Hanta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarku mai albarka game da rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024, wanda ya ce mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B a 2022. Da na karanta, masu kwashe mana shara da 'yan bola jari ne suka faɗo min a rai.

Kullum da safe ina ganin wani matashi a layinmu yana tura kurar shara, ƙafarsa da silifas, hannunsa ba safa. Rannan ya cusa hannu cikin leda, sai allurar da aka yar daga wani kemis ta soke shi. Ya tsotse yatsan, ya ci gaba da aiki. Ƙwayar cutar nan tana iya yin kwana 7 a busasshen jini ba ta mutu ba, kuma mutum kan yi shekaru da ita bai sani ba, har hanta ta lalace.

Sai a 2004 Najeriya ta sanya wannan rigakafi cikin alluran jarirai, don haka mafi yawan magidantan da ke wannan sana'a ba su samu ba.

Ina kira ga gwamnatocin jihohi da su yi musu gwajin jini da allurar rigakafi sau 3 kyauta, a raba musu safar hannu mai kauri da takalman roba. A kuma tilasta wa asibitoci da kemis zuba allurai da reza a akwati na musamman.

Wassalam,
Mai karatunku daga Kano