Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga wanda ya kira manhajata aikin ɗan koyo

Assalamu alaikum Malam,

Tambayar da ka yi a bainar jama'a ta iso ni. Ka ce ka buɗe manhajar lissafin shago da na rubuta a babban allonka mai fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoton allo) 3840 a faɗi da 2160 a tsaye, ka ga maɓallan ba su ƙara girma sun cika allon ba. Sai ka tambaya: wanda ya kasa sa taga, wato filin da manhaja ke buɗewa a ciki, ta bi girman allo, da wane ido yake karɓar kuɗin 'yan kasuwa? Zancen launi da tambari ba zan tsaya a kai ba, kowa da abin da idonsa ke so. Amma kiran aikina na ɗan koyo, da nuna cewa ina cin kuɗin mutane a banza, ya yi mini ciwo ƙwarai.

Abin da kake so shi ne a ninka komai daidai da girman allo. Na san wannan hanya, da gangan na ƙi ta. Wanda ya sayi babban allo so yake ya ga layukan kaya da yawa a lokaci guda, ba maɓallin ajiyewa mai faɗin tafin hannu ba. Shi ya sa jadawalin kaya ne ke miƙewa idan an ja taga, maɓallan kuma na ɗaure su a kusurwar ƙasa ta dama.

Ga kuma abin da ka tsallake: yawan fiksel ba shi ne fili ba. Windows tana da ma'aunin girman rubutu da maɓallai a allo, inda take ɗaukar ɗigo 96 a inci a matsayin kashi 100. Idan aka sa ma'aunin girma a kashi 150, ya zama 144. Saboda haka laftof mai 1920 da 1080 da ke kan kashi 150, filin da take ba taga 1280 da 720 ne kacal, bai kai na tsohuwar laftof mai 1366 da 768 ba. A ciki ma sai an cire sandar da ke ƙasan allo. Naka allon, in yana kan kashi 200, filinsa 1920 da 1080 ne.

Ni wannan ƙaramin filin nake aunawa, domin na san masu amfani da aikina. Mai shagon magani ne da laftof ta hannu, mutane sun yi layi a gabansa, ya gama shigar da ciniki. In maɓallin ajiyewa ya nutse a ƙarƙashin allo, cinikin nan bai shiga lissafi ba, da dare kuɗi da kaya su ƙi haɗuwa, a zargi yaron shago.

Tun Windows 8.1 a 2013 manhaja ke iya sanin ma'aunin kowane allo daban, aka ƙara gyara hakan a Windows 10 a 2017. Wadda ba ta yi wannan tanadi ba, Windows kan ja ta kamar hoto, rubutu ya yi dishi-dishi. Ja tagata daga laftof zuwa babban allonka ka duba rubutun da kyau, tar zai fito.

Malam, ba ɓoyayyen abu ba ne cewa kana saka wa shaguna wata manhajar waje kana samun la'ada. Halal ɗinka ne, amma ya kamata ka faɗa wa mutane kafin ka yi hukunci a kaina. Abin da ke damuna kenan da mu: aikin waje in ya zo da matsala sai a ce kwamfutar ce, na gida kuwa tun kafin a gwada an yanke masa hukunci. Masu shagunan da suka daɗe suna aiki da ni suna nan, ka tambaye su.

Ka gwada manhajar a kashi 100, 125, 150 da 200. In ka sami inda maɓalli ya ɓuya ko rubutu ya yanke, ka ɗauki hoton allon ka nuna a gaban mutanen da ka yi tambayar, can zan amsa maka.

Wassalam.