Zuwa Ga Iyaye: Ranar Ɗora Linux a Kan Tsofaffin Kwamfutoci

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon ɗalibanmu. Da fatan kuna lafiya, ya ɗawainiyar yara?

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya rufe tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Shi kuwa Windows 11 sai na'ura tana da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, abin da yawancin kwamfutocin makarantarmu ba su da shi. 'Yan gwanjo ne, gaskiya, amma lafiyarsu ƙalau. Da kwamitin iyaye da malamai ya zauna, babu wanda ya ga dalilin a sake ɗora muku kuɗin sayen sababbi a wannan yanayi. Sai aka tsaya a kan a sa musu Linux Mint, wani nau'i na manhajar Linux. Tunda kuma aikin ɗaya ne, duk mai tsohuwar laftof a gida ya kawo a yi masa kyauta.

Linux babbar manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, kamar dai Windows. Wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finland, Linus Torvalds, shi ya fara ta a 1991, ya bar rubutunta a buɗe, kowa ya duba, ya gyara, ya ba ɗan'uwansa. Ba a sayen lasisi, ba kuma ruwanka da kwafin sata na kasuwa. Mai riƙe da wayar Android ma ya daɗe yana mu'amala da ita, don a kan ƙashin bayanta aka gina.

Za a yi aikin ne Asabar ta biyu bayan hutun rabin zango, daga ƙarfe tara na safe zuwa azahar, a ɗakin taro. Janareto na nan. Ba wanda zai ƙona datarsa, domin sau ɗaya muka sauke manhajar muka raba ta a filashi. A teburin farko ɗalibanmu na SS2, waɗanda malamin kwamfuta ya horar, za su tada na'urarku daga filashin ba tare da an taɓa komai a ciki ba, a ga ko sauti da Wi-Fi da allon rubutu suna aiki. In kun gamsu, sannan a wuce tebur na biyu, inda za a ɗora manhajar. Mint na neman ram, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta, giga 2, kodayake 4 ya fi daɗin aiki, da fili aƙalla giga 20.

Roƙona ɗaya, kuma da babbar murya: ku kwashe kayanku na cikin kwamfuta tun daga gida, domin ɗora Linux zai goge su. Ranar da muka yi gwaji ni na ce a fara da tawa. Malamin ya tambaye ni sau biyu, “Ranka ya daɗe, an kwafe komai?” Na ce an kwafe. Sai da allo ya nuna aiki ya yi rabi na tuna hotunan sunan jikata suna cikin wani kundi da ban buɗe ba. Har yau uwargida ba ta daina yi mini gori ba. Don haka ba za a goge kowace na'ura ba sai mai ita ya sa hannu a takarda cewa ya ajiye kayansa a wani wuri.

Masu aikin ɗab'i da zane su sani, CorelDRAW da Photoshop ba sa hawa Linux kai tsaye. Akwai Inkscape da GIMP a madadinsu, amma sai an koya, ba za mu ce muku daidai suke ba. Wanda abincinsa ke kan waɗancan, a raba masa faifan ajiyar kwamfutar gida biyu ya riƙe Windows ɗinsa. Rubutu da lissafi kuwa LibreOffice ya wadatar, yana buɗe takardun Word da Excel. Abin da ya fi burge malamar Hausa shi ne allon rubutun Hausa da ke cikin Linux, ƙ da ɗ da ɓ ba sai an yi ta kame-kame ba. Masu shirin JAMB kuma sun samu inda za su saba da linzami da madannai kafin ranar jarrabawa.

Ku zo da caja, da filashinku in akwai. Muna neman aron igiyoyin wuta masu baki da yawa, da kuma iyaye ko tsofaffin ɗalibai da suka taɓa wannan aiki. A cike takardar da ke haɗe a ba yaro ya kawo ofis kafin Alhamis, don mu san yawan teburan da za a jera.

Wassalam,
Shugaban Makaranta