Malam Edita, A Daina Auna Abokin Karawa Da Tsawo Kawai

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ya sanyi ya aiki. Dan Allah ina neman ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana kan ƙwallon kwando, tunda shafinku na wasanni kullum Arsenal da Madrid sun cinye shi, mu 'yan kwando sai dai mu leƙa mu wuce.

Maganata kan yadda yaranmu na jami'a da foliteknik da kwalejin ilimi ke auna abokin karawa ne kafin wasa, musamman in gasa ta zo irin su NUGA ko NIPOGA ko NICEGA, inda wasa ɗaya tak zai iya mai da ku gida. Ni tsohon ɗan wasa ne, yanzu gwiwa ta ƙi, sai ɗan taimaka wa wasu ɗalibai da tirenin da nake yi da yamma a nan Jos, kuma abun da nake gani kusan iri ɗaya ne ko'ina. Motar baƙi za ta tsaya, yara su yi cirko-cirko suna kallon masu saukowa, wanda ya fi kowa tsawo shi za a zuba wa ido, a kalli takalminsa, a tambayi sunan makarantar, shikenan wai an gama bincike. In makarantar mai suna ce sai ka ga jikin kowa ya yi sanyi tun rafali bai hura usur ba, in kuma wata ƙaramar kwaleji ce da ba a taɓa jin ta ba sai a fara rabon maki da baki, wannan zai ci ashirin, wancan zai yi danki, wato ya yi tsalle ya dankara ƙwallo cikin kwando, a kan wane. Wallahi duka biyun sakaci ne.

Tunda yaranmu Amurka suke kallo a waya, bari in kawo misali daga can. Gasar jami'o'insu da ake yi duk watan Maris, wadda suke kira March Madness, tsarinta shi ne an cinye ka sau ɗaya ka tattara kayanka. A 2023 jami'ar Purdue ta shigo tana lamba ɗaya a ɓangarenta, tana da Zach Edey mai tsawon mita 2.24, wanda a shekarar shi ne gwarzon ɗan wasan jami'o'in ƙasar gaba ɗaya. Aka haɗa su da jami'ar Fairleigh Dickinson, lamba 16, wato ta ƙarshe a ɓangaren, tim ɗin da ta fi kowace gajarta a babban rukunin jami'o'in. Da irin awon da muke yi ne a bakin mota, ai ba sai an buga ba. Amma kocinsu Tobin Anderson ya zauna ya kalli wasannin Purdue, har kamara ta ɗauke shi yana gaya wa yaransa cewa yadda yake ƙara kallon su haka yake ƙara ganin za su iya cin su, mutane suka yi ta mai dariya. Abun da ya gani shi ne dogon ba za ka hana shi komai ba in ƙwallo ta iso hannunsa, amma masu kawo mai ƙwallon yara ne 'yan shekarar farko, in aka matsa musu tun daga ƙarshen fili suna rikicewa. Sai suka matsa musu, suka yi wa dogon rubdugu mutum biyu uku a ƙarƙashin kwando, suka bar sauran a waje suka ce to ku harba mu gani. Purdue ta harba ta maki uku sau 26, guda 5 kawai suka shiga. Aka tashi 63 da 58. Edey ya ci makinsa 21 fa, ba wanda ya hana shi, amma gida suka tafi. Raina kama ka ga gayya ke nan.

Wanda ya fi taɓa ni kam shi ne na ɗan ƙasarmu Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, lokacin yana jami'ar Houston. Wasan ƙarshe na 1983 suka haɗu da North Carolina State, kowa ya gama ba Houston kofi saboda gudu da danki da suka yi suna a kai, ga wani gwanin ɗan wasa Clyde Drexler a cikinsu. Kocin ɗaya ɓangaren Jim Valvano ya san in aka yi tsere da su an mutu, kuma a lokacin ba agogon da ke tilasta ka harba ƙwallo a gasar, sai ya ja wasan a hankali. Ya kuma san raunin Houston, jifan fawul, wato jifan da ake ba ka daga layi ba mai tare ka in an yi maka fawul. Da suka ga ana gaba da su a ƙarshe-ƙarshe sai suka koma yin fawul da gangan, a tura 'yan Houston layi su zubar, su kuma su karɓi ƙwallo. Drexler tun kafin hutun rabin lokaci ya tara fawul huɗu. Daƙiƙun ƙarshe Dereck Whittenburg ya cilla wata doguwa da ko ƙarfen kwando ba ta kai ba, Lorenzo Charles ya cafe ta a sama ya dankara, 54 da 52. Hakeem aka ba gwarzon gasar duk da an cinye su, amma kofi ya tafi wurin waɗanda suka san inda za su taɓa.

Kuma akwai abu ɗaya a wannan wasan da ya shafe mu 'yan Jos kai tsaye. A Albuquerque aka buga, gari ne da ke kan tudu kusan mita 1,600, har sai da Hakeem ya zauna a benci yana shaƙar iskar oksijin bayan hutun rabin lokaci. Jos ɗinmu tana kan kusan mita 1,200. Ban ce wanda ya taso daga Fatakwal ko Legas zai faɗi ya suma ba, amma duk wanda ya taɓa buga wasa da baƙi daga ƙasa-ƙasa a nan, ballantana lokacin hunturu da busasshiyar iska ke ƙona maƙogwaro, ya san a kwata ta uku suke fara dafa gwiwa. To in ka san jiya da daddare suka iso bayan doguwar tafiya a mota, kuma mutum shida ko bakwai kawai kocinsu ya yarda da su, me zai sa ka tsaya kana wasan yanga da su? Gudu za ka sa su tun daga farko, ka yi ta canja yaranka. Wannan ma awon abokin karawa ne, kuma ba ka kashe ko sisi ba.

Nan ne nake samun saɓani da wasu kociyoyinmu, da girmamawa. Da ka yi maganar bincike sai a ce ai mu ba mu da kayan aiki, ba kamara ba kwamfuta ba kuɗi. Gaskiya ne ba kuɗi, wani lokacin ma kuɗin ruwan leda koci ne ke cirewa daga aljihunsa. Amma a gasa irin tamu duk tim-tim ɗin a fili ɗaya suke buga wasa, waɗanda za ku haɗu da su gobe yau suna nan suna bugawa a gabanku, kuma a daidai lokacin ne yaranmu ke tafiya Terminus yawo ko suna kwance a masauki suna danna waya. Littafin rubutu ɗaya da biro ɗaya da yara biyu daga benci sun isa. Ɗaya ya riƙe waya ya ɗauka, ɗaya ya rubuta.

Me za a rubuta? Na farko hannu. Ɗan dambe ba ya shiga fili bai duba wane hannu abokin karawarsa ya ɗaure ba, don in bahago ne duk lissafin ya canja, to haka kwando. Yawancin yaranmu hannu ɗaya gare su, in ka tare wa mutum dama ka tura shi hagu sai ka ga kamar yau ya fara riƙe ƙwallo. Lamba 7 dama yake bi, lamba 10 sai ya buga ƙwallo ƙasa sau ɗaya kafin ya harba, lamba 4 ba ya harbawa sam sai dai ya ba da fas, a bar shi a je a taimaka a ciki. Sai kuma wa suke nema in wasa ya yi zafi, don kowace tim tana da wanda in saura minti biyu duk ido na kansa, kuma sau da yawa ba shi ne dogon da kuka tsorata da shi ba, wani siririn yaro ne da ba ya magana.

Sannan a ƙirga abubuwan da ba a tafa musu. Sau nawa suka zubar da ƙwallo da kansu, sau nawa suka harba ta ƙi shiga suka sake kama ta, jifan fawul nawa suka samu nawa suka zura. Masu ƙididdiga a Amurka sun daɗe da cewa abu huɗu ne ke yanke wasa, iya zura ƙwallo shi ne babba, sai zubar da ita, sai kama wadda ta dawo daga kwando, sai jifan fawul. Ba danki a ciki ko kaɗan, maki biyu ne dai kamar kowace. Kuma a dokar FIBA, hukumar kwando ta duniya, da muke bi a nan, kwata huɗu ce minti goma-goma, daƙiƙa 24 gare ka ka harba, in ka kama wadda ta taɓa ƙarfe ta dawo a ba ka 14, ɗan wasa ya yi fawul biyar ya fita, tim ta cika fawul huɗu a kwata to daga na biyar jifa biyu ne. Wanda ya san wannan ya kuma lura cewa dogonsu duk abun da aka ɗaga sai ya yi tsalle, ai ya samu hanya, a nufe shi kai tsaye a yi kamar za a harba, kafin hutun rabin lokaci yana benci da fawul uku yana hararar rafali. Na jami'o'in Amurka na maza rabi biyu ne minti ashirin-ashirin da daƙiƙa 30, don haka ba komai za a kwafo daga bidiyonsu a liƙa a namu ba.

Wani abu da ake mantawa shi ne irin tsaron da suke yi. Makarantu da yawa a nan zon suke tsayawa, wato kowa ya tsare yankinsa ba mutum ba, biyu a gaba uku a baya, ba don dabara ba sai don ya fi sauƙin koyarwa kuma ba ya gajiyarwa. In ka san haka tun jiya, yau da safe sai ka koya wa yaro ɗaya tsayawa a layin jifan fawul a tsakiyarsu ya karɓi ƙwallo ya juya, zon ɗin ta watse. In ba ka sani ba kuwa sai kwata ta farko ta ƙare kuna ta zagaya ƙwallo a waje kuna cilla ta maki uku daga mita 6.75 alhali ba mai hannun a cikinku, koci na ta ihu a gefe.

Amma fa kar a wuce gona da iri. Na ga kocin da ya cika wa yara kunne da bayani shafi-shafi har suka shiga fili suna tunani maimakon wasa. Ɗalibi ne fa, wataƙila jibi yana da jarabawa. Abu uku ya ishe shi riƙewa, wa zan tsare, ina zan tura shi, me ba zan bari ya yi ba. Sauran na koci ne ya riƙe a littafinsa. Kuma duk binciken nan in ba ka san naka yaran ba aikin banza ne, ba amfanin gano cewa ba sa son matsi in naka yaran ba za su iya matsawa na minti biyar ba tare da harshe ya fito ba. D'Tigers, tim ɗin Najeriya ta maza, da suka ci Amurka 90 da 87 a Las Vegas a 2021 sun zura ta maki uku har 20 ne saboda suna da masu hannun, kai da ba ka da su kar ka ce za ka kwaikwaya. D'Tigress kuwa, tim ɗinmu ta mata, a ƙarƙashin koci Rena Wakama da tsaro da ƙwace ƙwallo suka kayar da Ostareliya 75 da 62 a Olamfik ɗin Faris 2024, sunan Ostareliya bai sa sun yi sanyi ba, kuma irin wannan wasan ya fi kusa da abun da yaranmu za su iya.

Kuma kar wani ya ce wannan ilimin na Turawa ne ba namu ba. A Zariya Coach Oliver Johnson ya shafe shekaru yana koyar da kwando a ABU, a hannunsa Masai Ujiri ya taso, kuma Masai da aikin zama a gefen fili yana kallon 'yan wasa yana rubutu ya shiga NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, daga nan har ya kai ga jagorantar Toronto Raptors ta ɗauki kofi a 2019. A nan Jos muna da kulob ɗin Plateau Peaks, Kano na da Pillars, Gombe na da Bulls, tsofaffin 'yan wasa masu ido suna nan birjik a gari, wasu na zaune ba abun yi da yamma. Sashen wasanni na makarantu ya kira su mana su zauna su kalli wasan abokan karawa, ko kuɗin keke napep aka ba su za su zo.

Roƙona gare ku Malam Edita, in wakilinku ya je ɗauko rahoton wasan kwando na makarantu, kar ya tsaya a wane ya ci wane da jawabin babban baƙo. Teburin alƙalai na da takardar maki, duk wanda ya ci da fawul ɗin kowa da makin kowace kwata na ciki, ya ɗauki hotonta da waya ku buga mana ko a ƙasan shafi ne da ƙananan haruffa. Koci a Bauchi ko Lafiya ko Keffi zai gani ya san da wa zai haɗu, yaran ma za su ga sunansu a jarida su ƙara himma. In kuma ba ku da wanda zai je, wasannin da ake yi a cikin Jos da Bukuru ni zan iya turo muku ta WhatsApp, ku dai ba mu layi goma a sati.

Na gode, Allah Ya ƙara ɗaukaka jarida.

Naka,
Tsohon ɗan wasan kwando,
Unguwar Rogo, Jos.