Wasiƙa zuwa ga ɗana a Marwa

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa, mahaifiyarka ta faɗa mini ka ajiye maganin hawan jini tun bayan sallar azumi, wai ka warke, har ka koma ɗaga buhunan albasa da kanka. Ban runtsa ba daren jiya.

Shekara 7 ke nan da aikin zuciyarka. Ka san aikin jinya na yi a nan Garwa har na yi ritaya, to bari in gaya maka abin da ke ƙarƙashin tabon ƙirjinka. Jijiyar da aka ciro daga ƙafarka, a jikin awota aka ɗinka ta, wato babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya. Kafin ɗinkin an matse awotar da ƙarfe, an huda ta an sa bututun injin da ya riƙe maka jini da numfashi. Duk wurin da aka taɓa yana iya yin rauni. A wasu mutane, ba su da yawa, bangon awotar yakan kumbura a hankali ko ya tsage ta ciki, shekaru bayan kowa ya manta da aikin. Kumburin yawanci ba ya ciwo, shi ya sa jin sauƙinka bai kwantar mini da hankali ba. Faɗin awotar a babban mutum wajen santimita 3 ne. Idan ya kai 5.5 likitoci sukan ba da shawarar sake aiki, kuma sake buɗe ƙirji ya fi na farko wuya. Hawan jini ne babban abin da ke ingiza kumburin, sai taba da yunƙurin ɗaukar nauyi.

Don Allah ka koma wa likitanka a makon nan, ka ci gaba da magani yadda ya tsara. Ka tambaye shi hoton zuciya da sikana na ƙirji. In ya ce sai Yawunde, ka sauko Ngaundere ka shiga jirgin ƙasa. Maganar kuɗi ka bar mini, bijimin nan yana nan. Buhu kuma ka bar wa yaran shago.

Ka karanta wa matarka wannan: idan ciwo mai tsanani ya sare ka farat ɗaya a ƙirji, kamar ana yaga abu, ya zarce tsakanin kafaɗu, ko ka suma, kada a tsaya jiƙo ko jiran gari ya waye. A kai ka asibiti nan take, a fara gaya musu an taɓa yi maka aikin zuciya.

Ka kira ni ranar Juma'a in ji awon jininka. Allah ya yi maka albarka, ya raya mana jikoki.

Mahaifinka.